Ranar da Aka Saita Dish da Kunne

“Lafiya ƙalau, Angona. Ya jikin tsufa?”

“Tsufa yana gidanku. Ke kuma ina za ki da wannan ƙaton farantin a ka, kamar mai tallan kwanuka?”

“Gidan wani tsoho zan kai. An ce mini ya rasa abin yi sai faɗa da kaji.”

“To kin yi ɓatan hanya. Nan gidan saurayi ne.”

Haka suka fara, ko takalmi ba ta cire ba. Mai farantin ’yar yayana ce, muna ce mata Injiniya tun da ta koyi aikin haɗa dish na tauraron ɗan adam. Wanda take tsokana mahaifina ne, kakanta, mutumin da ya yi shekara talatin da bakwai yana jagorantar mawaƙan cocinmu. Ni ce gwaggonta, ni nake zaune da Baba, kuma ni nake shan bakinsa safe da yamma.

Bari in faɗi abin da ya kawo ta. Wata biyar ke nan Baba bai taka coci ba. In an tambaye shi sai ya ce gwiwa. Wace gwiwa? Mutumin da yake zagaya tsakar gida sau ashirin yana mini mitar inda na ajiye bokiti. Ni na san ido ne. Na gan shi yana lalubar kofi a kan tebur, na kuma gan shi ya buɗe littafin waƙoƙinsa a juye, yana gyaɗa kai kamar mai karatu. Amma Baba ya gwammace ya zauna a ɗaki har ƙarshen ransa da a riƙe masa hannu a gaban mawaƙan da ya koyar. Sai na ja bakina na yi shiru. Duk Lahadi in na dawo sujada, nakan same shi a bakin taga ya karkata kunne wajen titi, ko iska za ta kawo masa ragowar waƙa. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Shi ya sa da Injiniya ta ce akwai tashoshin Kirista na talabijin da na rediyo da ake kamawa kyauta, na ce mata ta zo ranar Asabar. Ban gaya mata maganar ido ba.

Ta sauke farantin a ƙofar ɗakinsa, ta zazzage jakar kayan aiki a ƙasa. Baba yana kan kujerarsa, ya harɗe ƙafa.

“Wai me abin nan zai yi mini da rediyona bai yi ba?”

“Rediyonka da sai an mare shi yake magana? Wannan zai kawo maka wa’azi da waƙoƙin yabo da karatun nassi daga ƙasashen da ko sunansu ba ka iya faɗa ba. Ba kati, ba biyan wata. Kyauta.”

“Kyauta daga hannunki? Ke da ko gaisuwa sai an roƙe ki.”

“Masu tashoshin ne suka sake su saboda Allah. Da ni ce, kai kam sai ka jinginar da haƙoranka huɗun nan.”

“Shida ne.”

“Biyu suna rawa. Ba a lissafi da mai shirin tafiya.”

“Ki tambayi gwaggonki. Lokacin da nake tashe, in na ɗaga murya a coci, gari na gaba suna amsa amin, ba tauraro, ba faranti.”

“Na ji labari. An ce har awaki sukan tsinke igiya.”

“Don su zo su ji.”

“Don su tsira da ransu.”

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ita kuwa hannunta bai tsaya ba. Ta haɗa ƙafar dish ɗin, ta ja waya ta taga, ta jona ta da risiba, wato ɗan akwatin da yake karɓo tashoshin ya miƙa wa talabijin. Ina tsaye ina kallon yadda take fere bakin waya da ’yar wuƙa, a gyare, ba ɓarna. Yarinyar da na goya, yau ga ta da sifana a aljihun baya. Kaina ya yi girma, amma ban nuna ba, don in ta gani ba za mu huta ba.

Da ta gama sai ta ce akwai matsala ɗaya. Na’urar da suke gwada ƙarfin sigina da ita tana wajen ogan shagonsu, ya tafi da ita wani aiki. Don haka sai an yi irin na da. Ita za ta hau rufi tana juya farantin a hankali, wani kuma ya zauna gaban talabijin yana karanto mata lambar da ta fito. In lambar tana hawa, an doshi tauraron. In tana sauka, an kauce.

Na ce, “Ni zan karanta.”

Baba ya ce, “Ke je ki riƙe mata tsani. Aiki ne tsakanin ango da amarya.”

“Baba, da ka bari...”

“Idona ya fi naku ku biyu a haɗe. Daga nan ina ganin ƙurar da kika bari a bayan ƙofa.”

Kullum akwai ƙura a bayan ƙofa, ba sai da ido ake sanin wannan ba. Ya kamata in yi magana a lokacin, na sani. Amma ta yaya zan tona mahaifina a gaban jikarsa? Na fita na riƙe tsani.

Injiniya ta haye, ta kafa ƙafar dish ɗin a gefen bango, ta ɗora farantin. Daga inda nake ina jin su duka biyu, ita a sama, shi ta taga.

“Ango, kana nan ko barci ya ɗauke ka?”

“Ina nan. Ki dai kula kar ki fasa mini rufi, na san nauyinki.”

“Nawa ka gani?”

“Ashirin.”

“Ashirin tun ban fara ba? To madalla. Yanzu fa?”

“Talatin da biyar.”

“Yanzu?”

“Hamsin. Ashe kin ɗan iya.”

“Ɗan iya? Ni ce ta ɗaya a shagonmu. Oga ma in ya rasa tauraro ni yake kira.”

“Shagon naku mutum nawa ne, ke da shi?”

“Mu bakwai ne, kuma duk maza ne sai ni. Yanzu nawa?”

“Saba’in.”

Na ji ta yi ’yar shewa a sama. Ta ce ba ta taɓa samun tauraro da sauri haka ba, lallai yau da sa’a ta fito. Ni kuwa na ƙanƙame tsani ina addu’a a zuci, Ubangiji ka sa abin da yake faɗa ya zo daidai, ko da bisa kuskure ne.

“Bari in ɗaga shi sama kaɗan. Yanzu fa?”

“Tamanin da takwas.”

“Kai, Angona, yau zan yi maka rawa. Yanzu?”

“Casa’in da tara.”

“Yanzu?”

“Ɗari da goma sha biyar.”

Lambar nan ba ta wuce ɗari, ko ni da ban san aikin ba na san wannan. Na ji ta ajiye sifana a hankali. Ta sauko, ta dube ni, na kawar da kai. Ta shiga ɗakin, na bi bayanta.

A fuskar talabijin akwai sifili ɗaya, ƙato, ya kai tafin hannu. Baba yana zaune taku biyu daga gare shi, ya miƙe wuya, ya ƙura masa ido da dukan ƙarfinsa. Injiniya ta tsaya tana kallon sifilin, sannan ta kalli kakanta.

Baba ne ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa.

“Nawa ne?”

“Sifili.”

“Tun ɗazu?”

“Ina jin tun ɗazu.”

“Rubutun ƙanana ne?”

“Manya ne, Kaka.”

Tun da ta iya magana ban taɓa jin ta ce masa Kaka ba sai ranar. Shi ma ya lura. Ya jingina da kujera, ya shafa fuska da hannu biyu.

Ya ce, “Haske kawai nake gani. Ke ma da kika shigo da safe, da takunki na gane ki, farantin kuwa gwaggonki ce ta gaya mini za ki zo da shi. Na sa kin sha rana a banza. Kwance kayanki ki kai wa mai ido.”

Hawaye ya cika mini ido, na juya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi. Injiniya ta tsuguna gaban risiba, ta ɗauki rimot tana danne-danne. Da ta buɗe baki, muryar tsokanarta ta dawo.

“Wa ya ce maka da ido ake yi? Ido ai na ’yan koyo ne. Na fara da shi ne don na ɗauka kai ɗan koyo ne.”

“Kar ki lallashe ni, ba yaro ba ne ni.”

“In lallashe ka in samu me? Ji nan.”

Ta danna wani wuri, sai talabijin ya fara wani kuka mai tsawo, ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Ta ce risibar tana da wannan sautin: in an doshi tauraro yana hawa yana sirancewa, in an kauce yana sauka. Ta ce ita ba ta amfani da shi, don daga kan rufi ba a ji, ga injin maƙwabta, ga babura a titi. Kuma kunnenta ba ya rabe hawa kaɗan da sauka kaɗan.

Baba ya karkata kai. Na ga yatsansa ya ɗaga daga hannun kujera, yadda yake yi a gaban mawaƙa.

“Wannan ai muryar maza ce ta can ƙasa. Kuma ba ta zauna daidai ba.”

“To gyara ta mana, shugaban mawaƙa. Ko kunnen ma ya bi haƙoran?”

“Kunnen nan? A cikin mutum arba’in ina fitar da wanda ya kauce, in gaya masa abin da ya ci da safe.”

“Cika baki. To ta yaya zan ji daga sama?”

“Hau ki gani. Ni zan kawo miki shi har inda kike.”

Ta fita, na koma bakin tsani. Tana wucewa ta matse mini hannu.

Tana kama farantin sai muryar Baba ta fito ta taga. Ya ɗauki sautin nan na talabijin daidai inda yake, ya riƙe shi da “aaa” mai kauri, ya cika tsakar gida da shi. Wata biyar ban ji wannan muryar ba. Injiniya ta fara juya farantin, muryar tana nan a ƙasa, ba ta motsa ba. Ta ci gaba. Can sai muryar ta ɗaga kaɗan, ta ƙara ɗagawa, sannan ta faɗo.

Ya katse ya ce, “Kin wuce shi. Koma baya.”

“Da yawa?”

“Kaɗan. A hankali, ba wuyan kaza kike murɗewa ba.”

“Ka yi waƙarka, ka bar wa masu aiki aikinsu.”

“Mai aikin da ta yi rawa a kan ɗari da goma sha biyar?”

“Ban yi ba, na dai yi alkawari. Wa ya san angon nawa maƙaryaci ne?”

“Ƙarfafa miki gwiwa nake yi. Koma, na ce.”

Ya sake ɗauka. Muryar ta hau, ta hau, ta tsaya. Ya ce hagu da dama ya yi, saura sama da ƙasa. Ta ce ina ya san wannan? Ya ce ita ta faɗa ɗazu, shi ba ya mantuwa kamar wasu. Ta fara ɗaga bakin farantin. Muryar Baba ta bar ta maza, ta shiga ta mata, ta ci gaba da hawa har na ji tsoron kar jijiyar wuyansa ta tsinke. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga da kumfar wanki a hannu, tana tambaya ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, mahaifina ne yake saita tauraron ɗan adam. Na faɗa da ƙarfi, yadda na bayanta ma za su ji.

“Tsaya nan,” in ji Baba. “Kar ki yi ko numfashi. Ɗaure.”

Ta sa sifana ta ɗaure notin farko, ta ɗaure na biyu.

“Kin sauke shi.”

“Ban taɓa shi ba.”

“Da kika ɗaure na biyun ya sauka. Kaɗan ne, amma ya sauka. A mawaƙana ba a barin irin wannan.”

“Kai dai ba a iya maka.”

“Sassauta, ki ɗan tura shi sama, ki ɗaure su bi da bi.”

Ta yi tsaki, amma ta yi yadda ya ce. Ya saurara, ya ce yanzu ya zauna. Ta sauko da sauri har ta tsallake matakala biyu, muka shiga tare. Sifilin nan ya tafi. Tamanin da bakwai ne a wurin, da wani dogon layi kore a ƙarƙashinsa.

Injiniya ta riƙe haɓa. “Da na’urar Oga ma, a unguwar nan ba mu taɓa wuce tamanin ba.”

“Nawa ne?”

“Tamanin da bakwai.”

“Na gaskiya?”

“Na gaskiya. Ni ba irinka ba ce.”

“To ki gaya wa ogan naku ya sayar da na’urar ya zo ya ɗauke ni aiki.”

“Wa zai ɗauki ma’aikacin da sai an dafa masa ruwan wanka?”

Ta sa risibar ta nemo tashoshi. Sunaye suka riƙa jeruwa a talabijin, tana karanto masa. Ga mai wa’azi a wani babban ɗaki, ga masu addu’a, ga shirin yara, wasu da harshen da muke ji, wasu da wanda ba mu taɓa ji ba. Sannan ta danna wani maɓalli, hoton ya ɗauke, ta ce nan ɓangaren rediyo ne, murya zalla, ba abin kallo. Tana faɗa sai waƙar yabo ta cika ɗakin, mawaƙa masu yawa, maza da mata.

Baba bai motsa ba. Leɓensa ne kawai yake bin su. Injiniya ta ɗauko gam ta ɗiga a kan maɓalli uku na rimot, na kunnawa da na rediyo da na canja tasha, ta hura har ya bushe ya zama ’yan ƙulli. Ta kama yatsansa ta bi da shi a kansu ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya ta nuna masa ya riƙe.

Da waƙar ta kai tsakiya sai ya ɗaga yatsa.

“Matan sun riga shiga.”

“Kai, Ango. Mutanen da suke waƙa duniya tana ji, su za ka gyara?”

“Duniya ta ji sun riga shiga. In waɗannan ma suna haka, ina ga nawa mawaƙan da na bari wata biyar ba mai tsawata musu?”

Ban san lokacin da na ce, “Sun lalace, Baba. Makon jiya sai da suka tsaya a tsakiyar waƙa suka sake farawa,” ba.

“Kika yi shiru ba ki gaya mini ba?”

“Kai ma ai akwai abin da ba ka gaya mini ba.”

Ya sa hannu ƙarƙashin matashin kujera, ya jawo littafin waƙoƙinsa, wanda ya rubuta da hannunsa tun kafin a haife ni, bangonsa ya sha ɗinki da zare. Ko taɓa shi ba ya bari a yi. Ya miƙa shi wajen da yake jin numfashin Injiniya.

“Ungo. Na yarda kin iya aiki. Ban taɓa zaton gidan nan zai fitar da mai kamo sama ta kawo ɗaki ba.”

Ta karɓa da hannu biyu, ta kasa ɗagowa. “Ni ban iya waƙa ba, Kaka.”

“Na sani, na ji shewarki ɗazu. Karatu za ki yi. In na manta baiti, ki raɗa mini a kunne. Ƙarfe nawa ake shiga sujada gobe?”

Na ce takwas, kamar kullum.

“Ki zo bakwai da rabi, ki sa kayan kirki, ba wannan wandon mai aljihu goma ba. Hannunki zan riƙe har gaban mawaƙa.”

“A gan ka ana jan ka?”

“Wa ya ce ja? Ango ne zai shiga coci da amaryarsa a hannu. Duk wanda ya ga wani abu daban, idonsa ne ba lafiya.”

Injiniya ta fashe da dariya, tana share ido da bayan hannu. “To dish ɗin da na sha rana a kansa fa?”

Baba ya lalubi ƙullin gam ɗin da yatsa, ya ƙara wa waƙar murya.

“Wannan na Litinin zuwa Asabar ne.”